Kafin Hajji Ya Koma Hunturu, Wace Na'ura Za Ta Sauko da Jirgi a Dutse?

Akwai wani lissafi da ba a cika yin sa ba idan ana maganar filin jirgin saman Dutse, alhali ba ya bukatar injiniya. Kalandar bango ta wadatar. An ƙaddamar da filin a watan Oktoba na 2014, zamanin Gwamna Sule Lamido, kuma Shugaba Goodluck Jonathan ne ya zo ya buɗe shi. A waccan shekara an yi Babbar Sallah a farkon Oktoba. Tun daga nan aikin Hajji yake matsowa da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara: Satumba, Agusta, Yuli, Yuni. Ma'ana, filin da babban aikinsa a shekara shi ne jigilar alhazan Jigawa bai taɓa yin wannan aiki a tsakiyar hunturu ba. To, lokacin yana tafe. A 2030 za a tsaya Arfa a watan Afrilu, a 2033 a Maris, a 2036 a Fabrairu, a 2038 a Janairu. Da yake akan fara kwashe maniyyata kimanin wata guda kafin Arfa, daga wajen 2032 jirage za su fara zuwa Dutse ɗaukar mutane a cikin ƙura, kuma za a shafe fiye da shekara goma ana tafiya ko ana dawowa a cikinta.

Arewa ta san abin da haɗuwar Hajji da hunturu take iya haifarwa. Ran 22 ga Janairu, 1973, wani jirgi ƙirar Boeing 707 na kamfanin Alia na ƙasar Jodan, wanda Nigeria Airways ya yi haya domin dawo da alhazai daga Jidda, ya fasa zuwa Legas saboda rashin kyan yanayi, ya juyo Kano. A wajen sauka, cikin iska da hazo, ya kauce daga titi ya kama da wuta. Mutum 176 suka rasu cikin 202 da ke ciki. Allah Ya jiƙansu. Ban kawo wannan domin in ce wata na'ura ce ta gaza a ranar ba. Na kawo shi domin mai karatu ya san cewa batun na'urorin sauka, duk da sarƙaƙiyar sunayensu, batu ne na mintuna uku na ƙarshen tafiyar wata tsohuwa daga Jahun, ko wani dattijo daga Gwaram da ya sayar da shanunsa ya biya kujera.

Matsayina a fili yake. Duk wanda ya zo wa Jigawa da maganar sayo na'urar ILS rukuni na uku, wadda kowace shekara idan hazo ya sauka ake tallata ta a jaridu a matsayin maganin soke tashin jirage, to ya zo da hanyar kashe kuɗi mafi yawa a kan amfani mafi ƙanƙanta. Abin da filin Dutse yake bukata ya fi wannan araha, ba shi da kyan gani a hoto, kuma ba a yanka masa kyalle. Shi ya sa nake tsoron ba za a zaɓe shi ba.

Bari mu fara da abin da matuƙi yake yi idan ba ya ganin ƙasa. Jirgi ba ya faɗowa kan titinsa kamar shirwa. Yana bin wata gangara ce mai laushi, digiri 3, wato yana sauka kimanin mita 52 a kowace kilomita. ILS, wadda duniya ta amince da ita tun ƙarshen shekarun 1940, ita ce ke zana wannan gangara a sararin sama da igiyar rediyo. Eriya ɗaya tana can ƙarshen titi tana nuna wa jirgi tsakiyar hanya, ko ya karkata dama ko hagu. Ta biyu tana gefen titi kusa da inda taya ke dira, tana nuna masa ko ya yi sama ko ya yi ƙasa. Kowacce tana fitar da sauti biyu, ɗaya mai kaɗawa 90 a daƙiƙa, ɗaya 150; inda ƙarfinsu ya zo daidai, nan ce hanya. Matuƙi zai bi wannan zare har ya kai wani tsayi da doka ta yanke, wanda zan kira tsayin hukunci. Idan ya kai nan ya ga titi ko fitilunsa, ya sauka. Idan bai gani ba, dole ya ƙara wuta ya koma sama, babu ciniki.

Bambancin rukunan ILS duk a kan wannan tsayi yake. A rukuni na ɗaya, tsayin hukunci ba ya gaza ƙafa 200, kuma sai ana iya hangen aƙalla mita 550 a kan titi. A na biyu ana iya kaiwa ƙafa 100 da ganin mita 300. Na uku shi ne ƙasa da haka, inda jirgi kan sauke kansa da kansa, matuƙi yana sa ido kawai.

Yanzu ga ɗan lissafin da ya warware rabin muhawarar. Jirgi kan ƙetare bakin titi yana ƙafa 50 daga ƙasa. Idan yana ƙafa 200, saura ƙafa 150 ke nan, kuma a gangarar digiri 3 wannan na nufin yana da kimanin mita 870 kafin ya kai bakin titi. To, ta yaya mutumin da ke hangen mita 550 kawai zai ga titin da ke mita 870 a gabansa? Ba zai gan shi ba. Abin da yake gani shi ne jerin fitilu masu ƙarfi da ake dasawa a gaban titi, tsawon mita 900, a cikin gona ko fili, suna yi masa jagora. A ƙa'idar Turai, wannan ILS ɗin dai, da wannan jirgin, da wannan matuƙin, idan babu waɗannan fitilu sai ana ganin mita 1,200 za a yarda ya gwada sauka. Mita 550 da fitilu, mita 1,200 babu su. Kwan fitila da wayarsa da wutar da ke kunna shi sun rage nisan da ake bukata da fiye da rabi, ba tare da an taɓa na'urar ba.

Sai a haɗa wannan da yadda hazonmu yake. Ƙurar hunturu tana tasowa mafi yawa daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi, arewa maso gabas da Tafkin Chadi, inda iska ke matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ta kwashi busasshiyar ƙasar tsohon tafki ta yo kudu maso yamma da ita. Jigawa na cikin jihohin farko da take riska. A hasashen da hukumar yanayi ta NiMet ke fitarwa, hazo matsakaici shi ne wanda ake hangen kilomita 2 zuwa 5, mai kauri kuwa mita 1,000 ko ƙasa da haka. Tsohuwar hanyar sauka da ta dogara da na'urar VOR, wadda ke nuna wa jirgi shiyya amma ba ta zana masa gangara, sau da yawa tana bukatar ganin mita 1,500 ko fiye. Ka ga ashe filin daga yana tsakanin mita 550 da mita 1,500. Duk ranar da gani ya faɗa cikin wannan tazara, rukuni na ɗaya mai lafiyayyun fitilu zai sauko da jirgi. Rukuni na uku ba ya ƙara komai sai a sa'o'in da gani ya yi ƙasa da mita 300. An ƙirƙire shi ne saboda hazon sanyi na biranen Turai irin su Landan da Paris, inda jirage ɗaruruwa ke sauka kullum, kuma rufe fili na awa biyu asarar miliyoyi ce. Filin da jiragen da ke sauka a cikinsa a rana ba su kai yatsun hannu ba yana iya jinkirta jirgi zuwa yamma.

Kuma rukuni na uku ba akwati ba ne da za a sauke daga kwantena a jona. Sai jirgin da kansa yana da na'urar sauke kai. Sai matuƙansa sun yi horo na musamman suna sabunta shi. Sai hukumar NCAA ta ba kamfanin izini. Sai an binne fitilu a tsakiyar titi da wurin dirar taya. Sai an kafa na'urorin auna gani a farkon titi da tsakiyarsa da ƙarshensa. Sai an tabbatar babu mota, babu saniya, babu doguwar ciyawa a gaban eriya, domin duk suna karkata igiyar. Sannan ga sharaɗin da ya kamata ya sa kowane ɗan Najeriya ya yi shiru ya yi tunani: idan wuta ta ɗauke, dole muhimman fitilun su dawo cikin daƙiƙa ɗaya. A rukuni na ɗaya an yarda da daƙiƙa 15. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya faɗi, na'urar ta koma rukuni na ɗaya, sai dai an biya kuɗin na uku.

Mun riga mun ga wannan a gida. A 2019 hukumar NAMA, mai kula da sararin samaniyar ƙasa, ta kafa rukuni na uku a Legas da Abuja, aka yi ta shela cewa wahalar hunturu ta ƙare. A Fabrairun 2020 hazo ya rufe Legas, sai ga jiragen British Airways da Emirates da Delta suna karkata zuwa Accra, fasinjoji suna kwana da kwanaki a ƙasar mutane. Ministan sufurin sama na lokacin, Hadi Sirika, ya ba da haƙuri, ya bayyana cewa ana cikin maye gurbin tsohuwar na'ura da sabuwa sai wasu sassanta suka samu matsala. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Wannan Legas ce, filin da ya fi kowane kawo kuɗi a ƙasar nan, inda injiniyoyi suke a bakin ƙofa. Idan an sha wuya haka a Ikeja, a gaya mini wane shiri aka yi wa Dutse.

Ƙashin bayan ILS shi ne awon daidaito. Igiyar rediyo tana gocewa a hankali, saboda haka kusan duk wata shida sai wani jirgi na musamman ya zo ya bi gangarar sau da dama yana aunawa. Na'urar da wa'adin awonta ya wuce, a idon doka kamar babu ita ne, ko da fitilunta na ciki suna walƙiya. Shekaru da dama Najeriya hayar wannan aiki take yi daga waje, sai a farkon 2020 ta karɓi nata jirgin awo, ƙirar King Air 350i, a kan dala miliyan 8.5. Jirgi ɗaya, ga filaye fiye da ashirin a layi. Mai karatu ya ƙiyasta da kansa lambar da Dutse za ta samu a wannan layi a watan Nuwamba, lokacin da Legas da Abuja da Kano da Fatakwal duk suke jira.

Idan kuwa ana son shaida mai ɗaci cewa na'ura ita kaɗai ba ta ceton rai, a tuna da 10 ga Disamba, 2005, a Fatakwal. Jirgin Sosoliso yana bin ILS ne cikin ruwa da iska. Binciken hukuma ya gano cewa matuƙan sun wuce tsayin hukunci ba tare da sun ga titi ba, kuma fitilun titin ba a kunne suke ba. Mutum 108 suka rasu, da yawansu 'yan makarantar sakandare da ke komawa hutu.

To, mece ce mafita? A nan ne labarin ya ɗan yi daɗi.

Jirgi yana sauka ne yana fuskantar iska. A ƙasarmu iskar hunturu daga arewa maso gabas take, ta damina daga kudu maso yamma. Saboda haka titi ɗaya ƙofa biyu gare shi, kuma kowace tana da lokacinta. ILS ɗaya ƙofa ɗaya take yi wa aiki. Mai son ta biyu sai ya sake sayen wata, da ɗakinta, da wutarta, da awonta. Amma akwai hanyar sauka da ba ta bukatar a dasa komai a filin: wadda ta dogara da taurarin ɗan adam na GPS. Ƙwararru kan auna titin da duk abin da ya yi tsayi a kewayensa, su zana hanya, jirgin awo ya bi ta ya tabbatar, a buga ta a kundin bayanan jirage na ƙasa, a loda ta a kwamfutar jirgi. Daga nan ba ta cin man janareta, ɓera ba ya cin wayarta, ɓarawon tagulla ba shi da abin sata. Abin da take bukata shi ne a riƙa sabunta awon kewaye. A gari irin Dutse, wanda sunansa ma daga duwatsu ya samo asali, kuma ake ta kafa dogayen ƙarafunan sadarwa a kan kowane tudu, wannan awo ba abin wasa ba ne: ƙarfe ɗaya da aka kafa a kan hanyar gangara ba da sanin kowa ba ya isa ya ɗaga tsayin hukunci na filin gaba ɗaya.

Wannan ba sabon ra'ayi ba ne, ba kuma nawa ba ne. Tun 2010 babban taron hukumar sufurin sama ta duniya, ICAO, wadda Najeriya ke cikinta, ya zartar da ƙuduri cewa zuwa 2016 kowace ƙofar titi da ake sauka da na'ura ta samu irin wannan hanya mai nuna gangara, ko a matsayin ta farko ko ta ko-ta-kwana. Dalilin kuwa shi ne tarihin haɗurra ya nuna cewa saukar da babu jagoran gangara, inda matuƙi ke sauka mataki-mataki yana leƙen ƙasa, ita ce ta fi kai lafiyayyen jirgi ga dukan ƙasa.

Hanyar tauraron iri biyu ce, kuma ya kamata a bambance su. A ta farko, GPS ne ke nuna dama da hagu, tsayi kuwa jirgi yana lissafa shi daga nauyin iska. Manyan jiragen da ke jigilar alhazai, irin su Airbus A330 da Boeing 777, suna da kayan yin wannan, kuma takan kai jirgi kusan ƙafa 250 zuwa 350 daga ƙasa. Rauninta ɗaya ne, amma babba: lambar nauyin iska da ma'aikacin hasumiya ke karanta wa matuƙi. Ran 23 ga Mayu, 2022, a filin Charles de Gaulle na Paris, an karanta wa wani Airbus A320 lamba 1011 maimakon 1001. Wannan bambanci na goma ya sa jirgin yana kimanin ƙafa 280 ƙasa da inda matuƙansa suke zato. Cikin ruwan sama, ba su ga komai ba, ya rage ƙafa 6 ya taɓa ƙasa a wajen titi kafin ya koma sama. Darasin Dutse a nan shi ne ma'aikacin yanayi da ma'aunin da ke hannunsa wani ɓangare ne na na'urar sauka. Kuɗin horar da shi da daidaita kayan aikinsa bai kai na fentin zauren manyan baƙi ba.

Iri na biyu ya fi inganci, domin ba ya jiran nauyin iska. Tashoshi a ƙasa kan auna kuskuren GPS, su aika gyara ta wani tauraro zuwa ga jirgi, sai ya samu gangara kusan daidai da ta ILS rukuni na ɗaya. Amurka ta fara nata tsarin, WAAS, a 2003, yanzu tana da irin waɗannan hanyoyi sama da 4,000, fiye da ninki biyu na ILS ɗinta, da yawansu a ƙananan filaye da ba za su taɓa iya sayen ILS ba. Turai tana da EGNOS, Indiya tana da GAGAN, kuma a Afrilun 2022 jirgin IndiGo ya sauka da shi a ƙaramin filin Kishangarh. Abin da ya kamata ya ba mu kunya da alfahari a lokaci guda shi ne, gyaran da hukumar ASECNA ta ƙasashe irin su Nijar da Chadi da Senegal ta fara watsawa na gwaji a 2020, ta kan tauraron Najeriya ya bi, wato NigComSat-1R. Da shi aka yi saukar gwaji a Lome a Janairun 2021, aka kuma yi a Abuja a Fabrairun 2023 da jirgin awon NAMA. Kayanmu ne a sama. Sai dai gwaji daban, aiki mai lasisi da za a ɗora wa ran fasinja daban. Kuma tauraron an harba shi a Disambar 2011 da wa'adin shekara 15. 'Yan majalisarmu na tarayya da ke son yi wa filin Dutse alheri, tambayar magajin wannan tauraro da lasisin wannan tsari ta fi musu amfani a kan neman kwangilar na'ura.

Akwai masu zaƙewa ta wannan gefen ma, waɗanda da sun ji an ce tauraro sai su ce a tattara tsofaffin na'urori a zubar. Ban yarda da su ba. Siginar GPS rauni gare ta, tana zuwa daga nisan kilomita 20,000, ƙaramar na'ura a ƙasa tana iya toshe ta ko ta yi mata ƙarya. A ƙarshen Afrilun 2024 kamfanin Finnair ya dakatar da zuwa garin Tartu na Estoniya har kimanin wata guda saboda ana toshe GPS a yankin, kuma hanyoyin tunkarar filin a lokacin sun dogara ne da tauraro. Sai da aka tanadi ta na'urar ƙasa ya koma. Mu da ke maƙwabtaka da Sahel, inda jirage marasa matuƙi da kayan toshe su suka zama ruwan dare, bai kamata mu ɗauka wannan labarin Turai ne kawai ba. Ga kuma matsalar da Allah Ya halitta: layin maganaɗisun tsakiyar duniya ya ratsa Najeriya, kuma a irin wannan yanki, bayan faɗuwar rana, saman sararin iska kan hargitsa siginar tauraro, musamman a wajen Maris da Satumba zuwa Oktoba da shekarun da rana ke tsananta. Indiya ta sha fama da wannan kafin ta samu lasisi. Bugu da ƙari, ba kowane tsohon jirgi da ke yawo a cikin gida ne ke da kayan bin hanyar tauraro ba, amma kusan babu jirgin fasinja da ba ya karɓar ILS.

Saboda haka abin da nake kira gare shi haɗi ne, kuma jerinsa yana da muhimmanci. A fara da hanyar tauraro mai gangara a ƙofofin titi biyu, da sabon awon duwatsu da ƙarafunan kewaye. A bi da fitilun gaban titi cikakku, da wutar da ba ta dogara da layin gari ba. A jihar da rana ke dukanta kusan duk shekara, faranti da batura masu riƙe fitilun titi ba abin a-zo-a-gani ba ne. ILS rukuni na ɗaya guda ɗaya, a ƙofar da jirage ke bi lokacin hunturu, da kuɗin awonta a rubuce a kasafi kowace shekara. VOR da abokiyarta DME mai auna nisa su zauna lafiya lau domin ranar da tauraro ya yi shiru. Tsohuwar NDB kuwa, wadda alluranta kan juya ta nuna wajen tsawa idan hadari ya taso, duniya na yin ban kwana da ita, kada a kashe mata ko kwabo.

Na san abin da za a ce: ran alhaji ya fi kuɗi, me zai hana a saya masa mafi kyau? Amsar ita ce kuɗin ba su da yawa, kuma duk nairar da ta tafi rukuni na uku an cire ta ne daga batura, da shinge, da horo, da man jirgin awo. Rukuni na uku ba ya sa sauka ta fi aminci a ranar da ake ganin mita 800. Yana dai buɗe fili a sa'o'in da hankali ma ya ce a jira. Wasu kuma za su ce ai Dutse za ta zama madogarar Kano idan hazo ya rufe filin Malam Aminu Kano. Wannan ma a sake dubawa. Tsakanin garuruwan biyu bai fi tafiyar 'yan mintuna ba a sama, kuma ƙurar da ta rufe Kano ta gabas ta biyo. Matuƙi mai neman mafaka yana neman inda yanayi ya bambanta ne. Batun fitar da riɗi da zoɓo da dabino ta jirgin kaya, wanda ake yawan yi, shi ma ba ya bukatar rukuni na uku. Mai jirgin kaya yana tambayar ko fitilu na ci da daddare, ko hanyar sauka tana cikin kundi, ko an auna na'ura a kan lokaci.

Me ya sa to maganar rukuni na uku ba ta mutuwa? Domin tana da duk siffofin abin da siyasarmu ke so. Ana sayo ta daga waje da kuɗin waje, a kwangila ɗaya mai kauri. Tana da jiki, ana iya tsayawa a gabanta da babbar riga a ɗauki hoto. Sunanta ma yana da lamba, kuma uku ta fi ɗaya a kunnen wanda ba a yi wa bayani ba. Hanyar tauraro takarda ce da bayanai a kwamfuta. Babu gwamnan da zai gayyaci sarakuna biyar na Jigawa domin ƙaddamar da shafi a kundi. Awon daidaito kuwa kuɗin yau da gobe ne, irin wanda ake fara yankewa idan kasafi ya matse. Mu 'yan jarida muna da kaso a laifin. Kowace Disamba ana kwafe sanarwar hukuma cewa sabuwar na'ura za ta sa jirgi ya sauka ko da ba a ganin komai, a buga, ba a tambayi kamfanoni nawa ne NCAA ta ba izinin amfani da ita ba, balle a tambayi ranar da aka auna ta.

Wannan gardama ba sai an yi ta da baki ba, domin akwai alƙaluman da za su raba ta. Duk filin da jirgin fasinja ke sauka, ana rubuta nisan gani a cikinsa a kai a kai, kuma filin Dutse, wanda tun 2023 yake ɗauke da sunan marigayi Sarkin Dutse Nuhu Muhammad Sanusi, ya haura shekara goma. Majalisar Dokokin Jigawa tana iya neman NiMet ta ba ta wannan rubutu, ta miƙa wa malaman Jami'ar Tarayya ta Dutse su ƙirga: daga Nuwamba zuwa Maris, awa nawa gani ya sauka ƙasa da mita 1,500, awa nawa ƙasa da 550, awa nawa ƙasa da 300, kuma a wane lokaci na yini. Aikin ɗalibin digiri na biyu ne na zango ɗaya. Idan lamba ta ƙarshe ta fito da girma, masu son rukuni na uku sun samu hujja, a saurare su. A kuma nemi NAMA ta faɗi, a rubuce, waɗanne hanyoyin sauka aka buga wa kowace ƙofar titin, da tsayin hukuncin kowace, da ranar awo na ƙarshe. Hukumar jin daɗin alhazai ta jiha, ita ma, tana da damar sa wa kamfanin da zai kwashi mutanenta sharaɗin cewa jiragensa da matuƙansa suna da izinin bin waɗannan hanyoyi.

Zana hanya, da awon ƙasa, da sayen filin da fitilun mita 900 za su zauna tare da biyan manoman da abin ya shafa diyya, da horar da ma'aikata, duk suna cin shekaru idan aka bi su yadda ake bin aikin gwamnati. Ko jiha ce za ta sa kuɗin ko tarayya, kasafin da zai fara wannan aiki shi ne na shekara mai zuwa. Idan ya fito, a buɗe shafin filin jirgi a duba ko akwai layin batura, da na fitilu, da na jirgin awo, ko kuwa layi ɗaya ne mai sifili da yawa.